Sawun da Ƙauyenmu Bai Sani Ba

Na sayi tayoyin nan ne saboda idon Inna. Da wannan nake so in fara, domin har yau akwai masu cewa son a gani ne ya kai ni, kuma matata tana cikinsu.

Shekara huɗu yanar ido tana rufe wa Inna gani, hagu da fari, dama daga baya. Matar da take tsince tsakuwa cikin gero tun gari bai gama wayewa ba, ta koma sai an ja mata sanda. Tana zaune a ƙauyenmu, can bayan Karofane, a gidan yayana. Ni ne autanta. Ni ne kuma wanda ya bar gida ya zama Kirista, nake aikin famfo a asibitin mishan, ba nisa da Madawa. Likitan da ke cire yana ba mazauni ba ne wurinmu. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya yi mako guda ya tafi. A waccan shekarar zuwansa ya faɗo tsakiyar damina. Mako uku kafin ya iso aka duba Inna, aka rubuta mata randebu, wato ranar ganin likita, cikin karnenta, ɗan littafinta na asibiti: Juma'a, ranarsa ta ƙarshe, kafin tsakar rana. Na roƙe ta ta zauna gidana har ranar, ta ƙi. Ta ce a gidan Yaya ta san inda kowane turmi yake, a gidana kuwa da bango take gaisawa.

Ranar da na mayar da ita ne raina ya ɓaci. Ina da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe, da ita nake ɗaukar bututu da siminti. Tayoyinta sun cinye, sun yi sumul kamar tafin hannu. Kafin a shiga ƙauyenmu akwai ƙorama, a cikinta muka kafe. Tun hantsi har la'asar! Inna tana zaune gaba, zufa ta jiƙa mata zane. Maza fiye da goma suka zo da hauya da itace suka tono mu. Yaya yana goge laka daga gemunsa ya ce, "Auta, in da wagga mota za ka zo ɗaukar ta ran Juma'a, gara mu ɗora ta bisa jaki tun Laraba." Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na ci alwashi a raina wannan ƙoramar ba za ta sake riƙe ni ba.

Ran Asabar na tafi Madawa wurin wani mai sayar da taya a bakin kwalta. Mutumin nan Alhaji yake ce mini, ya kuwa san majami'a nake zuwa. Kowa Alhaji ne wurinsa muddin ya tsaya gaban tayoyi. Ya nuna mini iri uku. Na farko irin nawa ne na dā, sabbi dai. Na biyu sun ɗan fi faɗi, zanensu ya fi zurfi, ya ce su ne daidai da motata, su ne ma masu hankali ke saye. Na uku yana jingine can ƙuryar shago, bai ma mirgino shi ba idona ya riga ya kai. Kai! Tsayinsa ya kusa kama mini ƙugu, haƙoransa manya-manya, na zura yatsa tsakaninsu ya shige har gaɓa ta biyu.

"Alhaji, wanga na masu shiga daji na," in ji mai taya. "Laka, rairai, dutse, duk ɗaya garai. Amma motarka ba ta saba ba."

"Za ta saba," na ce.

Na kira mai gyara mini mota, wani dattijo mai yawan ƙorafi. Ya zagaya tayar, ya haure ta da ƙafa, ya fara jero mini aibinta. Za ta sha mai. Za ta yi gurnani bisa kwalta har kunnena ya gaji. In na karya kan mota za ta goga jiki, sai an ɗaga motar an yanke ƙarfe kaɗan. Kirik ɗin da nake ɗaga mota da shi ma ba zai ƙara isa ba. Na bar shi ya gama, na ce tambaya ɗaya gare ni: za ta ƙetare ƙoramarmu ko ba za ta ƙetare ba? Ya ce ƙetarewa kam, ko tana barci za ta ƙetare. Na ce to a ɗaura, a bar surutu. Kwana biyu suna aiki. Duk aibin da ya jero gaskiya ne, amma ba ɗaya cikinsu da ya cuce ni. Abin da ya cuce ni babu wanda ya tuna da shi cikin mu uku, kuma ni ne ɗan ƙauyen, ni ya kamata in tuna.

Da na shigo da motar gida matata ta riƙe baki. "Wannan kuma mota ce ko raƙumi? Da tsani za mu riƙa hawa? Inna fa, yaya za ta yi?" Na ce ɗaukar ta zan yi in ajiye, ai ta ɗauke ni shekara biyu ba ta yi ƙorafi ba. Ta ce ita dai ta ga ina ta waiwayen motar kamar sabon ango.

Zuciyata ta ƙi kwanciya. Maganar dattijo magana ce, ni ina so in gani da idona kafin ranar ta zo. Ran Laraba na nemi izini na tashi aiki da wuri, ko takalman aiki ban cire ba, manyan nan masu ƙarfe a baki, na kama hanya. Na wuce Buza, na sauka daga babbar hanya, na isa ƙoramar da la'asar. Lakar tana nan yadda na bar ta, har ramin da muka tono bai cike ba. Na sa giya ta fari na shiga. Jama'a, ko tari motar ba ta yi ba! Ta haye ɗaya gefen tana watsa laka, ni kaɗai a ciki ina ihu ina dukan kujera. Na juyo na sake ƙetarewa, na kuma komawa, don daɗi kawai. Daga nan na hau fakon da ke bayan gari na yi zagaye biyu, na tsaya bayan itatuwan gawo, inda ake hango rumbunanmu.

Gabas ta yi baƙi ƙirin. Na hau bayan motar na sa hannu a goshi ina duban hadarin. Na ce in wannan ya sauka ƙorama za ta kawo ruwa, ruwa mai gudu kuwa babu tayar da ke taka shi, sai in kwana nan in rasa aikin gobe. Wannan shi ne dalilin da na riƙa gaya wa mutane daga baya, kuma ba ƙarya ba ne. Amma ba shi kaɗai ba ne. Shiga ƙauyenmu ba shiga da fita ba ne: sai ka gaida maigari, ka gaida liman, ka bi baffanni ɗaya-ɗaya, kowa ya tambaye ka iyali da aiki da damina. Ban da haka, ina so waɗanda suka yi mini dariya su fara ganin motar ran Juma'a da safe, suna tsaye bakin ƙorama da hauyoyinsu, in wuce su ina ɗaga hannu. Ina hango rumbun gidanmu, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. Na sauka, na shiga mota, na juya. Hadarin kuma iska ta watsa shi, ko ɗigo bai sauka ba.

Ran Alhamis na nemi wayar Yaya sau uku, ba ta shiga. Aka ce iskar nan ta lalata rezo, wato layin waya, a yankin. Ban damu ba, ai sun san Juma'a ce.

Juma'a na fita tun da asuba, hantsi bai yi ba ina ƙetare ƙorama. Babu kowa a bakinta. Na ji haushi kaɗan, na ce duk sun tafi gona. Na shiga gari ina matsa oda, sai na ji abin da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni a garin nan: shiru. Babu ƙarar taɓarya. Babu akuya, babu jaki, babu hayaƙi bisa ko da gida ɗaya. Rijiya ba kowa, guga ma babu. Ƙofofi an ja musu ƙaya. Kaji ne kawai ke yawo a fili. Na kashe mota. Abin da ya fara zo mini shi ne annoba, na biyu kuwa ban ma so in ƙarasa tunaninsa ba. Na diro ina kiran Inna da ƙarfi kamar wanda ya zautu.

Sai maza suka fara fitowa daga bayan rumbuna, ɗaya bayan ɗaya. Wannan da gatari, wancan da kwari da baka, wani da tsohuwar bindigar farauta. Mutanen da na tashi cikinsu! Ba wanda ya gaishe ni. Ba ma ni suke kallo ba, ƙafafun motar suke kallo. Yaya ya matso, ya durƙusa, ya dubi sawun da na bari a ƙasa, ya ɗago ya dubi takalmana. Ya miƙe tsaye.

"Auta," ya ce, "kai na? Kai ka zo shekaranjiya?"

"Ni ne. Gwada taya na zo yi. Me ya faru? Ina Inna? Ina mutane?"

Yaya ya yar da gatarin ya ɗora hannu biyu a ka. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Wani dattijo ya zauna daɓas a ƙasa. Wani kuma ya fara zagina tun daga kakana, ya manta kakanmu ɗaya.

A nan na tuna abin da na sani tun ina yaro. Mutanenmu masu karatun sawu ne. Kakanninmu sun zauna ƙarƙashin masu raƙuma na arewa, kuma abin da suka gadar mana ke nan: kowace safiya dattawa sukan zagaya bayan gari su duba abin da ya taka ƙasa. Baƙon da ya shigo ya yi sallama, baƙo ne, a ba shi ruwa. Wanda ya zo bakin gari ya zagaya ya tsaya ya duba ya koma ba sallama, ɗan leƙen asiri ne, masu aiko shi suna tafe. In aka ga haka ba a jira. A kwashe mata da tsofaffi da dabbobi a hau da su dutse, maza su tsaya. Ni na ɗauka wannan labarin dā ne. Ashe a shekarun nan da ake ta jin an kore shanun wasu garuruwa, dattawa sun koma zagayen safe.

Sawun motata na dā kuwa kowa ya san shi, uku sumul, ta baya ta hagu mai faci tana barin tabo. Ran Alhamis da safe suka tarar da wani sawu da ba su taɓa gani ba, mai haƙora, mai faɗi, irin na motocin masu shiga daji. Ya gwada mashigar ƙorama sau uku. Ya zagaya fako sau biyu. Ya laɓe bayan gawo. Mutum ɗaya ya sauka da takalmi irin na soja. Wata mata mai ɗebo itace ma ta ce ta hango doguwar mota daga nesa, da mutum tsaye bisanta yana ƙirga rumbuna. Ni ne fa, ina duban hadari!

"Haba Yaya!" na ce. "Ba wanda ya ce ko ni ne? Wace mota ke zuwa garin nan in ba tawa ba?"

"An ce," in ji Yaya. "Munka tambayi Inna. Ita da bakinta ta ce ba kai ba na."

Ban tsaya fahimtar wannan ba, agogo nake kallo. Ƙarfe tara saura. Na ce a shiga mota mu je mu ɗauko ta. Suka dube ni kamar na yi hauka, ni ma na san haukan ne. Maɓoyar kakanninmu tana can ƙwanƙolin dutse, an zaɓe ta ne don abin hawa ba ya kaiwa. Hanyar awaki ce tsakanin duwatsu. Tayoyin da na zaɓa don su taka laka da rairai da dutse suka kai mu gindin tudun, nan suka tsaya.

Ni da Yaya muka hau da ƙafa. Ban san na tsufa ba sai ranar. Ina haki, ina faɗuwa, ina tashi, ina roƙon Ubangiji ya tsayar mini da rana. Yaya yana gaba, bai waiwayo ni ba duk tsawon hanyar, na kuwa fi son ya mare ni. Da muka isa, mata suka gan mu suka taso da kururuwa, suna zaton labarin mutuwa muka kawo. Yaya ya gaya musu a taƙaice. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Tsofaffi sun kwana bisa dutse, masu goyo sun kwana cikin raɓa, an bar gonaki kwana biyu tsakiyar noma, duk don ni na gwada taya.

Inna tana zaune a inuwar wani dutse, ta miƙe ƙafafu, duk sun kumbura. Ta ji takuna ta ɗago kai.

"Auta? Yau Juma'a ko? Na ce musu su bar ni gida, za ka zo ba ka iske ni ba. Sunka ƙiya." Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini karnen, ta naɗe shi cikin leda kada raɓa ta taɓa shi.

Saukowa ta fi hawa wuya. Inda jaki zai iya muka ɗora ta bisa jaki, inda ba zai iya ba muka goya ta, ni da Yaya muna karɓa-karɓa. Da muka iso mota rana ta riga ta karkata. Na ɗauke ta na ajiye a kujera kamar yadda na yi wa matata alkawari. Na tuƙa motar nan tuƙin da ban taɓa yi ba, tayoyin suna gurnani, Inna tana riƙe da ƙofa da hannu biyu. Sai kusa da Buza waya ta samu rezo. Na kira wata ma'aikaciyar ɗakin ido da muke majami'a ɗaya. Ta ce sun yi ta nemana. Likita ya jira har ƙarfe biyu saboda ni, ya bar kayansa a buɗe, amma hanyar Yamai na gabansa, dole ya tashi. Na dubi agogo, uku ta gota. Na ajiye wayar, ban rage gudu ba, ban kuma gaya wa Inna ba. Har yau ban san me nake gudu in tarar ba.

A ƙofar ɗakin ido ma'aikaciyar ta durƙusa ta gaya mata da kanta. Ta ce za a sa sunanta na farko a shekara mai zuwa. Inna ta ce, "Allah shi kai mu. Ku gaishe shi, ya yi ƙoƙari." Ni kuwa na jingina da bango.

A gida matata ta dafa ruwa ta gasa mata ƙafa, ba ta tsokane ni ko sau ɗaya ba, abin da ya ƙara nuna mini girman abin da na yi. Kafin magariba Inna ta ce in kai ta wurin motar. Na ja ta har gaban tayar gaba. Ta sa hannu tana shafawa, ta bi haƙoran nan ɗaya-ɗaya da yatsa, ta kai sama ta dawo.

"Ashe wagga ta kore mu daga gida," ta ce.

Na ce, "Inna, Yaya ya ce kin gaya musu ba ni ba ne."

Ta juyo da fuska wajena, hannunta yana bisa tayar.

"Na ji motarka ran Laraba," ta ce. "Ina zamne ƙofar ɗaki. Su sawu suka dubi, ni kunne gare ni. Tun tana cikin ƙorama na san kukanta. Na ce ma matar yayanka ta dama hura, ga Auta nan. Na sa anka shimhiɗa tabarma. Na ji ta tsaya bayan gawo. Ina jira, ina jira, sai na ji ta juya, kukan yana nisa har ya ɓace. Da sahe da sunka zo tambayata, na ce musu kukan ya yi kama, amma ba ɗana ba na. Ɗana ba ya zuwa bakin gari shi koma bai gaishe ni ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ko yanzu ma ba ta zarge ni ba, bayani kawai take yi mini na yadda ta yi kuskure. Na durƙusa a gabanta, ni da furfura a gemu, na yi kuka har maƙwabta suka leƙo. Ta dafa kaina tana cewa in bari, badi ma rana ce.

Inna ba ta kai badi ba. Zazzaɓi ya ɗauke ta da bazara, wata uku kafin likitan ya dawo, sunanta yana na farko a takardarsu. Ni na je na ce a ba wani gurbinta.

Yanzu ko bututu na kai wani gari da ke kan hanyarmu, sai na ƙarasa ƙauye na shiga na bi gida-gida na gaisa, ko da hadari ya kai ƙasa. Dattawa sun san sawun, ba wanda ke tashi in ya gan shi. Tayoyin suna nan a jikin motar, shekara ta huɗu ke nan, haƙoransu ko rabi ba su ci ba. Ban sake kafewa a ƙoramar nan ba ko sau ɗaya. Mai taya bai yi mini ƙarya ba.